Horon kare yara a coci: abin da naira 25,000 ta saya mini a Katsina

Tun da aka tashi daga horon nan na kare yara daga cin zarafi ta hanyar lalata a cocin Katolika mata ke tare ni bayan Misa suna tambaya ko ya ci kuɗinsa, domin an ce masu shirin za su sake zagayowa ta wajen Malumfashi da Funtua. Na gaji da maimaitawa a tsaye cikin rana, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. A gajarce, ya ci kuɗinsa, a je. Amma duk wanda zai je don ya dawo da amsar tambayar da ta fi damunmu, wato idan abu ya sami yaro a ƙauye wa uwarsa za ta fara gaya wa, to ya shirya matsa musu lamba, don mu ba a ba mu ita ba.

Ba dayosis, wato yankin coci da bishop ke shugabanta, ce ta shirya shi ba. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta daga wajen jihar, tana yawo da shi gari-gari, kuma ba zan kama sunanta ba tunda akwai wuraren da zan taɓa su. Mutum uku ke koyarwa: wata Sista da ta daɗe tana aiki da yaran da aka ci zarafinsu, wani Fada, wato firist, da ya karanta dokar coci, da wata Barista. Ni malamar firamare ce, ina koya wa yara katikizim, wato darasin addini, ranar Asabar, kuma ni ke riƙe da littafin Zumuntar Mata a cocinmu. Zumunta ta biya rabin kuɗin, na cika rabi daga aljihuna, saboda haka ina da bakin magana ta fuska biyu.

Ɗakin taron wani otal ne ta wajen Ƙofar Ƙaura. Fanka na juyawa, janareta bai ba mu kunya ba, makirfo ne dai ke kuka jefi-jefi. Abincin rana shinkafa da miya da ɗan yankan kaza, ba yabo ba fallasa. Masauki ba ya cikin kuɗin, kuma ba a faɗa a sanarwa ba, sai da mutanen Kafur da Ƙanƙara suka iso da jakunkunansu sannan suka ji. Mu na cikin gari muka rarraba su a gidajenmu. Wannan a gyara.

Sista ce ta buɗe, kuma ba ta ɓata lokaci wajen wanke coci ba. Ta fara da Boston ta Amurka a 2002, lokacin da jaridar Boston Globe ta tono yadda aka yi ta ɗauke wani firist mai suna John Geoghan daga wannan coci zuwa wancan duk sa'ad da iyaye suka kawo kuka, har waɗanda suka zarge shi suka haura 130. Na sama sun sani. Kafin shekarar ta fita Kadinal Bernard Law, babban bishop na Boston, ya ajiye muƙaminsa. Daga nan ta kawo binciken da bishop-bishop na Amurka suka sa kwalejin John Jay ta yi, wanda ya fito a 2004: firistoci 4,392 aka zarga tsakanin 1950 da 2002, masu ƙara 10,667, wato kusan huɗu cikin ɗari na firistocin da suka yi aiki a tsawon lokacin. Ta ratsa ta Ayaland a 2009, da jihar Pennsylvania ta Amurka a 2018 inda aka lissafa firistoci sama da 300 da yara sama da 1,000, ta sauka a Faransa, inda wani kwamiti mai zaman kansa ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan 216,000 ne firistoci da masu rayuwar keɓewa irin su Sistoci suka ci zarafinsu tun daga 1950. Ɗakin ya yi tsit. Na ga Uwar Zumuntar wani coci ta ajiye bironta ta rungume hannu.

Abin da Sista ke so mu kama a cikin wannan lissafi shi ne laifin kashi biyu ne, na wanda ya aikata da na wanda ya rufe, kuma na biyun ne ya ninka yawan yaran. Mutum ɗaya da aka yi wa canjin wurin aiki a asirce, an miƙa masa sabbin yara ke nan a garin da ba wanda ya san shi.

Ba a jima ba wani dattijo daga baya ya ɗaga hannu ya faɗi abin da da yawa ke riƙe da shi a ciki. "Sista, a gafarce ni, amma wannan ai ciwon Turawa ne. Mu nan muna da kunya." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa, "Baba, kunyar ce ta sa ba ka ji ba, ba ita ta hana a yi ba." Sai ta tuna mana da Sista Veronica Openibo, 'yar Najeriya, wadda ta tsaya gaban Paparoma Francis da shugabannin bishop-bishop na duniya a taron Vatikan na Fabrairun 2019, ta ƙi yarda da masu cewa matsalar ba ta shafi Afirka da Asiya ba, ta ce ita kanta ta ci karo da irin waɗannan labarai a ƙasar nan. Ta ƙara da rahoton da Sista Maura O'Donohue ta rubuta tun 1994 kan yadda wasu firistoci ke cin zarafin Sistoci a ƙasashe 23, akasarinsu a Afirka, wanda bai fito fili ba sai a 2001. Dattijon bai sake cewa komai ba, amma ya zauna har ƙarshe, kuma ya fi kowa rubutu.

Darasin Fada ya fi kowanne bushewa, kuma shi ya fi amfani. Ya zana hanyar da ƙara ke bi a kan allo, daga bakin mai faɗa har Roma, kuma ban taɓa jin wani ya shimfiɗa mana ita haka ba duk shekarun da na yi a coci. Ga yadda na kwashe ta.

Da zarar labari ya kai kunnen bishop cewa wani firist ya taɓa yaro, in dai maganar ba ta fito fili a matsayin abin da ba zai yiwu ba, dole ya buɗe binciken farko. Ba shari'a ba ce tukuna, dubawa ce a ga ko maganar na da tushe. Tun daga wannan mataki yana da ikon janye firist ɗin daga aiki, ya hana shi yin Misa a bainar jama'a, ya sa masa inda zai zauna. Fada ya nanata cewa wannan ba hukunci ba ne, kariya ce, kuma littafin jagora da Vatikan ta fitar a 2020 ya gargaɗi bishop-bishop kada su tsaya ga canza wa mutum wurin aiki kawai su ɗauka sun yi maganin abin. Idan an gama binciken, ko me aka gano, bishop ba shi da hurumin rufe fayil a aljihun teburinsa. Tun 2001, zamanin Paparoma John Paul na Biyu, irin wannan laifi yana hannun ofishin kula da koyarwar bangaskiya da ke Roma, can ake tura takardu, su kuma su faɗi hanyar da za a bi: ko cikakkiyar shari'a a kotun coci, ko gajeriyar hanya wadda bishop ko wakilinsa zai yanke hukunci tare da mashawarta biyu, ko, idan laifin ya yi muni kuma hujja ta bayyana, a kai wa Paparoma kai tsaye ya tuɓe mutum. Hukunci mafi girma shi ne a raba shi da aikin firist gaba ɗaya. Ƙasa da haka akwai hana shi aiki cikin jama'a ko killace shi ga rayuwar addu'a da tuba. A 2014 Vatikan ta shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa a cikin shekaru goma da suka gabaci lokacin an tuɓe firistoci 848, wasu 2,572 kuma an yi musu hukuncin da bai kai nan ba.

Abubuwa biyu daga bakinsa sun girgiza mutane fiye da duk wannan. Na farko shekaru. A dokar coci duk wanda bai cika 18 ba yaro ne. A ƙauyenmu yarinya 'yar 16 ko 17 an riga an fara yi mata kallon wadda ta isa aure, idan abu ya faru sai ka ji ana cewa ai da saninta, ita ta kai kanta. Fada ya ce a gaban wannan doka babu zancen yardarta sam. Na biyu wa'adi. Mutum na da wa'adin shekara 20 daga ranar da ya cika 18 ya kawo ƙara, wato har ya kai 38, kuma Roma na iya ɗage wa'adin idan ta ga dalili. Wata mata kusa da ni, wadda ta haura arba'in, ta tambaye shi ya maimaita wannan na ƙarshen. Ya maimaita a hankali, bai kalle ta ba, kuma na yaba masa da hakan.

Ya kuma bi da mu ta dokar da Paparoma Francis ya kafa a Mayun 2019, Vos estis lux mundi, wadda aka tabbatar da ita dindindin a 2023. Ta wajabta wa kowace dayosis ta samar da hanyar kai ƙara da jama'a za su iya kaiwa gare ta cikin sauƙi. Ta wajabta wa kowane firist da kowace Sista su kai rahoto ga hukumar coci idan sun ji ko sun ga alama. Ta hana a tsangwami wanda ya kai rahoto, ta hana a ɗaure bakin mai ƙara da alkawarin yin shiru. Idan bishop ne ake zargi, da aikatawa ko da rufa-rufa, maganar na tafiya Roma da kuma wurin babban bishop na lardin, wanda zai yi bincike idan Roma ta ba shi izini. Mu nan tun da aka yanke Dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato a 2023, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, lardinmu bai canza ba, Kaduna ce. A ƙarshen 2019 an cire irin waɗannan ƙararraki daga ƙarƙashin babban sirrin Paparoma, sannan a 2021 aka sabunta sashen hukunci na dokar coci, aka sa har da jan yaro a jiki da kyaututtuka da daɗin baki don a kai ga lalata da shi cikin laifuffuka.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne gwajin da Sista ta sa muka yi bayan hutun rana. Ta ajiye kujeru biyu a gaba, ta zauna a ɗaya ta zama yarinya 'yar shekara goma sha uku, ta kira wata Mama cikinmu ta zama wadda aka zo gaya wa. Sista ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta, ta ce a hankali, "Mama, ba na so a sake aike ni gidan Fada." Mama, da zuciya ɗaya, ta dafe ƙirji ta ce, "Ke! Me ya faru? Me ya kai ki ɗakinsa? Kin gaya wa wani?" Sista ta ɗago ta ce a tsaya nan. Ta ce tambayoyi uku, kuma kowace ta rufe bakin yarinyar: ta farko ta tsorata ta, ta biyu ta ɗora mata laifi, ta uku ta nuna mata cewa abin da ya dame mu shi ne kada a ji. Aka sake. A karo na biyu ta koya wa Mama ta sauko daidai tsayin yarinyar, ta ce, "Na ji ki. Kin kyauta da kika faɗa mini. Ba laifinki ba ne." Sannan ta yi shiru ta bar ta ta ci gaba da kanta. Kada a sa mata magana a baki. Kada a yi mata alkawarin ba wanda zai ji, a ce mata dai sai wanda zai taimaka za a gaya wa. Da an rabu a rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, da rana da lokaci, ba tare da gyara ko ƙari ba. Kuma kada a je a tunkari wanda ake zargi, kada a haɗa su gaba da gaba wai don a ji ta bakin kowa, wanda shi ne abin da muka saba yi a sasancin gida. Kowa ya yi gwajin da na kusa da shi. Da wuya fiye da yadda ake zato, bakin mutum na ƙaiƙayi ya yi tambaya.

Baba Katikis, wato mai koyar da addini, na wani coci da ke wajen gari, wanda ya yi wa firistoci da yawa hidima, ya kawo ɗaya gefen, kuma gaskiya ce ya faɗa. "Fada, idan ƙazafi ne fa? Mun ga inda rigimar kuɗin gini ta sa aka shafa wa mutum kashin kaji." Fada bai kauce ba. Ya ce doka ta ɗauki wanda ake zargi a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, tana kuma umartar a kiyaye sunansa lokacin bincike, a ba shi lauya da damar kare kansa. Ya kawo misalin Kadinal George Pell na Ostireliya, wanda aka ɗaure, ya yi sama da shekara a gidan yari, sannan babbar kotun ƙasar ta soke hukuncin a 2020. Ya ce shari'ar coci na iya ƙarewa ta hanya uku: an tabbatar da laifi, an tabbatar babu laifi, ko hujja ba ta isa a yanke ba. Amma ya ce wa Baba, cikin ladabi, tantance ƙazafi aikin masu bincike ne, ba aikin wanda yaro ya fara gaya wa ba. Naka ka miƙa. Baba ya gyaɗa kai, ko da yake fuskarsa ba ta nuna ya gamsu duka ba.

Yanzu inda suka gaza.

Littafin horon da aka raba mana da Turanci yake daga farko har ƙarshe, kuma rabin ɗakin da Hausa suke tunani, da Hausa za su koma su koyar. Sista na jin Hausa tana juyawa, Fada kuwa sai da wani malami cikinmu ya riƙa tashi yana fassara masa kyauta. Wanda ya karɓi naira 25,000 a kan kowane mutum a Katsina ya kamata ya zo da tafinta nasa. Abin da ya fi wannan damuna shi ne an kwafo shafuka da dama daga tsarin da bishop-bishop na Amurka suka amince da shi a Dallas a 2002, inda laifi ɗaya da aka tabbatar ya isa a raba firist da aiki har abada, kuma kowace dayosis ke da kwamitin duba ƙara wanda yawancin mambobinsa ba firistoci ba ne. Tsari ne mai kyau, amma na Amurka ne, kuma littafin bai faɗa ba. Sai da na tambaya Fada ya amsa cewa wannan bai ɗaure sauran ƙasashe ba. Wanda bai tambaya ba zai koma gida yana gaya wa mutane haƙƙin da ba lallai suna da shi ba.

Sai fom ɗin kai ƙara da ke bayan littafin, shafi huɗu, yana neman ranar haihuwa da adireshin imel da sa hannu. Na riƙe shi ina tuna matan ƙauyenmu. Kuma Fada da bakinsa ya gaya mana cewa jagoran Vatikan bai sharɗanta takarda ba, ana karɓar magana ta baki, har rahoton da ba suna ma ba a yarda a yi watsi da shi kai tsaye ba. To fom ɗin na wane ne? A ganina ya fi tsorata mai ƙara fiye da taimakonsa.

Babban giɓin shi ne wanda na faɗa tun farko. An nuna mana hanya daga teburin bishop zuwa Roma dalla-dalla, amma daga tsakar gidan uwa zuwa teburin bishop ba a ce komai ba. Mun tambaya: wa za a kira, wace lamba, mace ce ko namiji, tana jin Hausa? Suka ce kowa ya bincika a dayosis ɗinsa, tunda mahalarta daga wurare daban-daban suke. Wannan ba amsa ba ce. Wanda zai zo gari ya yi horo kan kai ƙara, aikinsa ne ya je tun kafin ranar ya nemo suna da lamba daga hukumar cocin wurin, ya buga a bangon littafi. Matar da ke ƙauye, wadda mijinta ke noma gonar coci, wadda Fada ke biya wa ɗanta kuɗin makaranta, ba za ta hau mota ta zo birni tana tambayar ina ofishin ƙorafi ba. Kuma mutumin farko da aka koya mata kai wa kowace damuwa shi ne Fadan da kansa.

Akwai kuma tambayar da Fada ya amsa da gaskiya amma horon bai zauna a kanta ba. A wannan tsari bishop shi ne uba ga firist, shi ne shugabansa a aiki, sau da yawa shi ya ɗora masa hannu ranar naɗi, kuma shi ne zai buɗe bincike a kansa. Idan bishop ake zargi, ɗan'uwansa bishop ne zai bincika. Dokar 2019 ta ba da dama a sa ƙwararru waɗanda ba firistoci ba su taimaka, amma ba ta tilasta ba. Fada ya ce haka ne, kuma masu suka sun daɗe suna faɗa. Shi ya kawo mana labarin Marie Collins ta Ayaland, wadda aka ci zarafinta tana yarinya, aka sa ta cikin kwamitin kare yara da Paparoma ya kafa a 2014, ta fice a 2017 tana kukan jan ƙafar wasu ofisoshin Vatikan. Ya kuma ambaci Chile, inda a 2018 Paparoma Francis ya fara kare wani bishop, daga baya ya aika bincike, ya nemi gafara, bishop-bishop na ƙasar suka miƙa takardun murabus gaba ɗayansu. Ni abin da na ɗauka daga duk labaran da aka ba mu shi ne kusan ko'ina daga waje aka fara turo ƙofar, 'yan jarida, kotuna, da waɗanda abin ya shafa da suka ƙi yin shiru. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ina faɗar wannan ne a matsayin wadda aka yi wa baftisma a cocin nan kuma a cikinsa za a binne ta.

Shi ya sa ban ji daɗin yadda aka yi da Barista ba. An ajiye ta a sa'ar ƙarshe, bayan abinci, lokacin da mutanen nesa suka fara zamewa don kada mota ta wuce su, ga hanyoyinmu yadda suke da yamma. Alhali nata ne ya fi gaggawa. Bishop ba shi da gidan yari. Firist ɗin da aka tuɓe ya koma mutum kamar kowa, yana iya zuwa wata jiha ya nemi aikin koyarwa a makarantar kuɗi, kuma ba abin da zai tsayar da shi sai hukuncin kotun ƙasa. Dokar coci ta wajabta wa firist ya kai rahoto ga coci, amma game da 'yan sanda cewa ta yi a bi dokar ƙasar da ake ciki, sai jagoran 2020 da ya ƙara da cewa ko dokar ƙasa ba ta tilasta ba, a kai idan hakan ne zai kare yaron ko wasu yara. Barista ta ce kada wanda ya jira izinin kowa: kai ƙara coci bai hana kai ƙara hukuma ba, ana yin su tare. A cikin ɗan lokacin da ta samu ta ambaci dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, da dokar kare yara ta jiharmu, ta ce akwai ma'aikatar mata, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ta ce idan abin sabo ne asibiti ne farko, kada a yi wa yaro wanka, kada a wanke tufafinsa, kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Wannan jimla ɗaya ta cancanci a ce da ita aka buɗe taron, ba a faɗe ta ga kujerun da rabinsu ba kowa ba.

Batun ikirari ya taso a gurguje. Fada ya ce abin da aka faɗa a wurin furta zunubi firist ba zai taɓa fitar da shi ba ko da za a kashe shi, iyakarsa ya roƙi mai faɗar ya maimaita maganar a waje. Ba zan yi gardama da wannan a nan ba, amma ma'anarsa a aikace ita ce mu masu koyar da yara mu gaya musu a fili cewa faɗa a ikirari ba kai ƙara ba ne. Ba a sa wannan a littafin ba. Haka kuma zancen manyan mata, matan aure da zawarawa da Sistoci da ke ƙarƙashin ikon firist ta wajen kuɗi ko shawara, an taɓa shi ne da bakin cokali aka wuce, ko da yake mata uku sun yi ƙoƙarin dawo da shi.

Wa ya kamata ya je? Katikis, malaman makarantun coci, shugabannin Zumunta da na matasa, da masu kula da yaran bagadi. Idan coci zai iya tura mutum biyu kawai, a tura mace ɗaya da yara ke sakewa da ita, ba lallai mai muƙami ba. Na ga malamai biyu Musulmi daga wata makarantar kuɗi a cikin gari sun zo, kuma ɗayansu ya ce mini gwajin kujeru biyun zai kai shi makarantarsu yadda yake. Kafin ku biya, ku tambayi masu shirin ko sun zo da littafin Hausa, ko an dawo da Barista safiya, da kuma ko akwai suna da lambar wanda ake kai wa ƙara a yankinku. Idan suka ce a'a ga duka ukun, ku nemi ragi.

Mu a Zumunta mun zauna bayan mun dawo, mun rubuta ƙa'idodi a takarda ɗaya da Hausa: ba a koyar da yara sai da manya biyu a wurin, ƙofar ɗakin shiri tana buɗe idan akwai yaro a ciki, ba a aiken yarinya ita kaɗai gidan Fada da abinci ko shara, kuma yaro ba ya kwana can ko da an yi dare a hidimar Ista. Mun kai wa Fadanmu muna ɗar-ɗar, ya karanta ya ce shi ma kariya ce gare shi, ya sa a liƙa a allon sanarwa. Takardar shaidar horon kuwa har yanzu ba ta iso ba, sun ce tana jiran sa hannu a ofishinsu, saboda haka wanda ke bukatarta don wurin aiki ya karɓi rasit ya adana.